Babi na Shida: Ƙofar da Ba Ta da Ganuwa

A kwana na tara bayan an yi wa Baffa aikin gwiwa, ya gaji da ganin fuskata. Tun da muka sauka Mumbai ban san komai na garin ba sai hanyar da ke tsakanin ɗakinsa da kantin magani, da wani ɗan shagon Musulmi inda nake sayo mana shinkafa da kaza. Da safiyar ranar ya dube ni ya ce, "Kai, tashi ka fita ka ga gari. Ka sa ni gaba ka zauna kamar mai jiran gado." Na ce, "Baffa, ina na sani da zan je?" Ya ce, "Je ka ƙofar nan ta bakin ruwa, wadda ake nunawa a fim. Ka ɗauko mini hotonta."

Baffa bai taɓa taka Indiya ba sai da gwiwa ta kawo shi, amma ya san Bambai, kamar yadda har yau yake kiran garin, tun yana saurayi, daga kan bencin silimar Plaza da Eldorado. Duk wanda ya taso a Kano a wancan zamani ya san wannan ƙofa ko da bai san sunanta ba. Idan mai fim yana so ya nuna maka cewa yaron ƙauye ya iso birni, sai ya hasko ta, tattabaru su tashi fuu, shi ke nan ka gane inda ake. Sunanta Gateway of India, wato Ƙofar Indiya. Kada a rikita ta da India Gate ta Delhi, wadda aka gina don tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi; wancan gini daban, labarinsa daban.

Ƙofar tana can ƙarshen kudancin birnin, a unguwar Kolaba, inda ƙasa ta tsuke ta shiga teku kamar yatsa. Na tsayar da adaidaita sahu na faɗa masa inda za ni, ya kaɗa kai ya wuce. Na biyu ma haka. Sai wani dattijo ya fahimtar da ni cewa ba a barin su shiga tsohon gari. Abin ya ba ni dariya: ga ƙasar da take ƙera mana su muna cika titunan Kano da su, ga shi a zuciyar babban birninta na kasuwanci an hana su rawar gaban hantsi. Na hau jirgin ƙasa zuwa tashar Churchgate, daga nan na shiga tasi mai baƙi da rawaya.

Abin da ido ke fara kamawa idan ka sauka ba ƙofar ba ne. Otel ɗin Taj Mahal Palace ne, da jar ƙubbarsa da ɗaruruwan tagoginsa, yana tsaye a hannun dama kamar attajiri a gefen mai sarauta. Wani ɗan kasuwa Ba'indiye, Jamsetji Tata, ya gina shi, aka buɗe a watan Disamba na 1903. Ya girmi ƙofar da shekara ashirin da ɗaya. Wannan kaɗai ya ishi mai lura: kafin Turawa su gina wa sarkinsu mashiga a wannan gaɓa, ɗan ƙasa ya riga ya kafa abin da ya fi ta girma, ya kuma fi ta kyau in har za a tambaye ni.

Sai ka bi layi, maza daban mata daban, a laluba jakarka, ka ratsa na'urar bincike. Ba a biyan ko kwabo. Kana fita sai fili ya buɗe, ga ta can ƙarshensa, bayanta ruwa.

Tsayinta mita 26, kusan bene mai hawa takwas. An gina ta da wani dutse mai ruwan zuma da aka faso a kusa da birnin, da kankare a ciki. Babban baka ɗaya a tsakiya, mai ɗan tsini a sama irin na masallatai, da ƙananan bakuna a gefe da gefe. A samansa hasumiyoyi huɗu ƙanana, waɗanda suka tuna mini da zankwayen gidajen ƙasa. A ciki akwai ƙubba mai faɗin kusan mita 15, wadda ba ka ganin ta daga waje sai ka leƙa ta ƙasan bakan. Akwai kuma tagogin dutse masu huje-huje kamar rariya, waɗanda aka kawo daga Gwaliyo. Idan rana ta karkata, haske yana tsiyayowa ta cikinsu. Magininta Bature ne ɗan Sikotland, George Wittet. Ya ɗauki siffar bakan nasara irin na Rumawa, wanda sarakunan Turai ke ginawa in sun ci yaƙi, ya sa masa tufafin Gujarat na ƙarni na 16, zamanin da sarakunan Musulmi ke mulki a Ahmadabad, masassaƙan dutse na ƙasar suna yi musu masallatai. Wanda ya taɓa tsayawa ƙarƙashin bakan gizo a masallacin Juma'a na Zariya ba zai ji baƙunta sosai ba a nan, ko da yake wancan da ƙasa da azara aka ɗaura shi, wannan kuwa dutse ne.

Na daɗe ina kallon ta kafin in gane abin da ke damuna. A wurinmu ƙofa ba ta zama ita kaɗai. Ƙofar Mata, Ƙofar Na'isa, Ƙofar Ɗan'agundi, kowace huda ce a jikin ganuwa. Tana da ƙyaure, tana da Sarkin Ƙofa, a da ana rufe ta in dare ya yi, wanda ya makara ya kwana waje. Amfaninta shi ne tana iya hana ka shiga. Wannan kuwa ba ganuwa a damanta, ba ganuwa a hagunta, ba ƙyaure. Akuya ma za ta iya zagaye ta. Zaure ne da aka gina shi da kyau, aka manta da gidan. Ko titin da ya nufo ta bai zo mata kai-tsaye ba, a karkace yake isowa, domin babban titin da aka tsara zai miƙe zuwa gare ta ba a taɓa yin sa ba. Kuɗi sun ƙare. Ginin kansa ya ci rupi miliyan biyu da dubu ɗari, daga baitulmalin Indiya.

A can sama an sassaƙa rubutu da Turanci mai cewa an kafa ta ne don tunawa da saukar Sarki Joji na Biyar da Sarauniya Meri a ƙasar Indiya, ranar 2 ga Disamba, 1911. Mai karatu zai ɗauka ta cikinta suka wuce. Ba su wuce ba, don babu ita a lokacin. Abin da suka tarar rumfa ce ta wucin gadi, ta kwali da filasta, da aka tayar don bikin. Sai a ƙarshen watan Maris na 1913 Gwamnan Bambai ya aza tubalin farko. A 1914 aka amince da zanen Wittet, shekarar da Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke. Daga 1915 zuwa 1919 ana ta cike bakin teku da ƙasa da duwatsu don a sami inda ginin zai zauna. Ba a buɗe ta ba sai 4 ga Disamba, 1924, a hannun wakilin sarki a Indiya, Lord Reading. Shekara goma sha uku ke nan da tafiyar baƙon. Kamar a ƙunsa wa amarya lalle bayan ta yaye ɗan fari. Sarki Joji ya rasu a 1936, bai sake zuwa Indiya ba, bai taɓa ganin ƙofarsa da idonsa ba.

Abin da ya kawo shi a 1911 ya shafe mu ta wata fuska. Delhi ya nufa, inda ranar 12 ga Disamba aka yi masa gagarumin taro, sarakunan Indiya suka zo ɗaya bayan ɗaya suna mubaya'a. Shi kaɗai ne sarkin Ingila da ya taɓa zuwa Indiya yana kan gado a duk tsawon mulkinsu a can. An ƙera masa kambi na musamman mai lu'ulu'u sama da dubu shida, da kuɗin Indiyawa, ya sa shi a wannan rana, ya koka cewa ya yi masa nauyi a ka, aka mayar da shi Landan, kuma ba wanda ya sake sa shi. A wurin taron ne ya sanar da ɗauke babban birni daga Kalkata zuwa Delhi. Sunan irin wannan taro shi ne darbar, kalmar Farisanci mai nufin fada. Ita ce Turawa suka ɗauko suka laƙaba wa hawan sarakunanmu, muka mayar da ita hawan daba. Hawan kam namu ne, tun kafin a ga Bature ana hawan Sallah ana jahi. Amma tara sarakuna da yawa a fili ɗaya su wuce gaban baƙo, wannan darasin Indiya ne. Gwamna Lugga ma a Madras aka haife shi, kuma a Indiya ya fara aikin soja.

Har da mutum ɗaya muka yi tarayya. Yariman Wales, ɗan Sarki Joji, wanda aka yi wa daba a Kano a 1925, shi ne ya sauka a wannan gaɓa ranar 17 ga Nuwamba, 1921, ƙofar tana rabin gini. Tarbar da ya samu a Bambai ba irin ta Kano ba ce. 'Yan kishin ƙasa sun kira a rufe kasuwanni, aka cinna wa tulin tufafin Ingila wuta, rikici ya ɓarke na kwanaki, aka rasa rayuka masu yawa.

To, a nan ne lissafin masu ginin ya goce. An tsara ƙofar ne a zamanin da Turawa ke ganin zamansu a Indiya ba ranar ƙarewa, aka gama ta a zamanin da ƙasa ta fara zamewa daga ƙarƙashinsu. Ranar 9 ga Janairu, 1915, wani lauya siriri da ya yi shekara ashirin da ɗoriya a Afirka ta Kudu ya sauka a daidai wannan wuri, wanda ake kira Apollo Bandar. Gandhi ke nan. Bai sami baka ba, bai sami rubutu a dutse ba. A 1919 sojoji suka buɗe wuta a kan taron jama'a a Amritsar suka kashe ɗaruruwa. A 1942, a wani fili cikin wannan birni, jam'iyyar Congress ta ce wa Turawa su fice daga Indiya. A Fabrairun 1946 sojojin ruwa Indiyawa suka yi bore a cikin jiragen da ke tsaye a wannan mashigin teku. Duk wannan ana yi, ƙofar tana tsaye tana jiran manyan baƙi.

Baƙin ma ba su da yawa. Ba tashar fasinja ba ce. Manyan jirage a Ballard Pier suke tsayawa, can talaka da ɗan kasuwa da ƙaramin ma'aikaci ke sauka da akwatunansu. Nan ta gwamnoni ce da wakilan sarki: jirgi ya tsaya a nesa, a ɗauko mai girma a ƙaramin jirgi, a shimfiɗa masa jar darduma, a harba igwa. Kafin a jima jirgin sama ya kashe mata kasuwa. Mountbatten, wakilin sarki na ƙarshe, ta sama ya sauka Delhi a watan Maris na 1947, bai bi ta kanta ba.

Ranar da ta yi aikin ƙofa sosai ita ce 28 ga Fabrairu, 1948, wata shida da samun 'yanci, wata guda da kashe Gandhi. Bataliya ta ɗaya ta rundunar Somerset Light Infantry, sojojin Birtaniya na ƙarshe da suka rage a ƙasar, suka yi fareti a wannan fili. Sojojin Indiya suka tsaya musu a jere, aka ba su kyautar ƙaramar ƙofar da aka ƙera da azurfa, suka taka a hankali ta ƙarƙashin bakan, suka gangara matakala, suka shiga ƙananan jirage zuwa babban jirgin da zai kai su gida. Baƙo raɓa ne. Turawan Ingila sun sami tsibiran Bambai ne a 1661 cikin garar amarya, lokacin da aka ƙulla auren gimbiyar Fotugal da Sarki Charles na Biyu; shi kuma a 1668 ya ba wa kamfanin East India hayarsu a kan fam goma a shekara. Abin da ya fara da gara ya ƙare da tsarabar azurfa.

Na zauna a kan ɗan bangon da ke gefen ruwa ina tunanin me ya sa Indiyawa ba su taɓa ta ba. Ba mutane ne masu jin nauyin sauya suna ba. Garin kansa sun mayar da shi Mumbai a 1995. Babbar tashar jirgin ƙasa da ake kira Victoria sun ba ta sunan Shibaji, sarkin Maratha na ƙarni na 17 wanda mutanen wannan jiha ke ji da shi. Gidan tarihin da shi wannan Wittet ya zana, mai sunan Yariman Wales, shi ma yanzu sunan Shibaji yake amsawa. Ƙofar kuwa ko harafi ba a kankare ba, sunan Joji da Meri na nan daram. Ina ganin sa'a ta yi tun ran suna: ba a ce mata Ƙofar Joji ba, Ƙofar Indiya aka ce, don haka da masu ita suka karɓi abinsu ba su tarar da abin gyarawa ba. Abu ɗaya suka yi. A filin da ke gabanta akwai gunkin Sarki Joji, suka ɗauke shi, a 1961 suka kafa na Shibaji a kan doki da takobi. Mu da muka rushe wasu tsofaffin ƙofofinmu na kanmu don faɗaɗa titi, muka mayar da su na siminti, ba mu da bakin yi wa kowa wa'azi kan adana gini.

Sauran aikin jama'a ne suka yi shi da ƙafafunsu. Ban taɓa ganin wurin tarihi da mutane suka fi sakin jiki a cikinsa ba. Ga iyali sun zo daga ƙauye, kaka da jikoki, an shimfiɗa zane ana cin abinci. Ga sababbin ma'aurata, amarya da jan awarwaro har gwiwar hannu. Ga mata cikin baƙar abaya, ga Sikawa da rawunansu, ga 'yan makaranta a layi malami yana ƙirga su. Masu balan-balan suna yawo da wasu manya da suka kusa kai tsayin mutum. Mai shayi yana zuba shi a kofin da bai fi kurɓa uku ba. Na sayi wani abu da suke kira bada pau, ƙosan dankali ne a cikin burodi da yaji, na ci na ƙara. Ba wanda na ga ya ɗaga kai yana karanta rubutun. Kowa baya yake ba wa ginin, yana murmushi ga waya.

Masu hoto kuwa sun fi tattabaru yawa. Kowanne da kyamara a wuya, da kundin samfuri, da ƙaramar na'urar wanke hoto a jaka. Waya ta ci musu kasuwa, amma ba su saduda ba. Wani ya bi ni yana cewa "Afirka, Afirka, minti ɗaya," ya sa na ɗaga hannu yadda zai fito kamar na ɗora tafina a kan ƙubbar otel. Na ce masa ƙofar nake so, ita kaɗai, ba ni a ciki. Ya dube ni kamar wanda ya ce a ba shi miya ba tuwo. Ya ɗauka, amma sai da ya ƙara wani da ni a tsaye a gabanta, ya caje ni kuɗin biyu.

Layin binciken da na bi da safe yana da dalili. A watan Agusta na 2003 bam ya tashi a cikin tasi a wurin ajiye motoci na nan, wani kuma a kasuwar zinariya ta Zaberi, mutum fiye da hamsin suka mutu. Sannan daren 26 ga Nuwamba, 2008, 'yan bindiga goma suka shigo birnin ta teku, suka kashe mutum 166 a wurare daban-daban, aka yi kusan kwana uku ana fafatawa a cikin otel ɗin Taj, hayaƙi yana fita ta gefen jar ƙubbar, duniya tana kallo. Mako guda bayan haka dubban mutanen gari suka taru da kyandirori, suna juyayi suna kuma zagin 'yan siyasa. Ba wanda ya ce musu ga inda za a haɗu da ya wuce nan.

Ranar da na je an tare bakan da shingen ƙarfe, ɗan sanda yana zaune a inuwarsa. Kowa yana zagayawa ta gefe zuwa bayanta, inda jiragen fito ke lodi. Na yanki tikitin tsibirin Elefanta, tafiyar kusan awa ɗaya. A can akwai koguna da aka sassaƙe cikin dutse kusan shekara dubu ɗaya da ɗari biyar da suka wuce, da gunki mai fuska uku wanda ya kai mita shida, da birai masu fizge abin da ke hannunka. Na hau matakala na gani, na yi mamakin hannun da ya yi aikin, na sauko. Ba don su na je ba. Dawowar nake so.

Domin ginin nan don idon mai zuwa daga teku aka yi shi, mu kuwa duk ta ƙasa muke zuwar masa. Da la'asar sakaliya jirgin ya juyo, na biya ɗan ƙari na hau saman bene. Da farko hazo ne kawai, da jiragen dakon kaya a tsaye, da fararen tsuntsaye suna bin mu ana jefa musu abinci. Sai dogayen benaye suka fito, sai jar ƙubba, sai can ƙasa kusa da ruwa wani ɗan abu mai ruwan zuma da huda a tsakiya. Yana girma a hankali. Daga nan ne kawai karkacewar titi ba ta dame shi ba, rashin ganuwa ma bai dame shi ba, don gaɓar kanta ta zama ganuwar, birnin gaba ɗaya ya zama gidan da ke bayan zauren. Na ce a raina, ashe Wittet ya san abin da yake yi. Wannan ne abin da aka shirya wa Sarki Joji, ga shi yau wani Bakano mai jinya yana kallon sa a tsakanin 'yan yawon buɗe ido masu cin gyaɗa. Jirgin ya raɓa jikin wasu jirage biyu, muka tsallaka ta cikinsu, yaran jirgi suna riƙe hannun tsofaffi, muka hau matakala mai santsi ta gefen ginin.

Na isa asibiti bayan isha'i. Baffa ya sa tabarau, ya karɓi hoton farko ya daɗe yana dubawa, ya kawo shi kusa ya mayar da shi nesa.

"Ita ce," ya ce. "Amma a fim ta fi haka girma. Ka shiga ta ciki?"

"An tare, Baffa. Ta gefe ake bi."

"To, in an bi ta ciki ina ake fita?"

"Ruwa."

Ya yi shiru, ya miƙo mini shi. Sai ya ɗauki ɗayan, wanda nake tsaye a ciki ina ƙifta ido saboda rana, ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya ce in ɗaga masa ƙafar a kan matashi kafin ma'aikaciyar dare ta shigo.